Waƙar da Miami Ta Kulle

A Trinidad waƙa lokaci gare ta, kamar mangwaro. Ta fito kafin Kirsimeti, ta nuna a Janairu, a sha ta a kan titi ranar Litinin da Talatar Kanifal, babban bikinmu na shekara, Larabar Toka ta farkon azumin Kirista na wayewa kuma shi ke nan, sai a jira ta baɗi. Ko mai sayar da kwakwa a bakin titi ya san wannan. Shi ya sa da Terrence Sookdeo ya ce wa Yolande Quashie kamfani ya tsayar da watan Yuni don sakin albam ɗinta, ta ɗauka wasa yake, har ta yi dariya.

Terrence bai taya ta ba. Ya gyara zaman tabaransa, ya turo mata kofin shayi. Suna zaune ne a wani otal na bakin teku a Port of Spain, da rana tsaka, cikin irin sanyin na'urar nan da ke sa mutum ya manta ƙasar da yake. Shi Terrence ɗan Chaguanas ne, kuma a zamanin da Yolande take waƙa a gidajen biki don a ba ta abinci da na mota, shi yake riƙe mata jaka. Yanzu shi ne idon kamfanin waƙa na Miami da ya ɗauke ta. Bai wani daɗe a can ba, amma harshensa ya riga ya karye, ta hanci yake magana kamar mai mura.

"Yuni," ta ce. "Terrence, wa ka taɓa gani yana Kanifal a Yuni?"

"Ba don nan kaɗai aka yi albam ɗin ba, Yoli. Lokacin hutun Amurka da Turai ake hari. Ita kuma 'Buɗe Hanya' sun ce ta cika gudu. Za a sassauta ta, a kawo wani mawaƙi daga Atlanta ya sa baiti ɗaya."

"A sassauta ta?"

"Ɗan kaɗan."

"Mutum na bin kiɗa a kan titi, rana na dukansa, ka sassauta masa? Kwanciya kake so ya yi?"

Ba wai kamfanin bai yi mata rana ba. Sun sa ta waƙoƙin soyayya masu sanyi, sun kai ta London da Toronto, har fuskarta ta hau allon talla a filin jirgi. Amma Kanifal uku ke nan ana yi babu muryarta a kan titi, mu kuwa ba mu iya jiran mutum ba. Direbobin tasi sun fara kiranta 'yar waje. Wata mai sayar da kifi ta taɓa riƙe mata hannu a kasuwa ta ce, "Ina son waƙoƙinki, 'yar nan, su nake sa wa jikana ya yi barci." Yolande ta yi murmushi, ta karɓi kifinta, ta shiga mota ta yi kukan takaici. A makon ne ta yi "Buɗe Hanya". Don titi ta yi ta, don bana, kuma ba ta da wani buri da ya wuce ta ji ta a bakin mutanen garinsu ranar Litinin ɗin Kanifal.

"To ku saki wannan ɗayar," ta ce. "Sauran ku riƙe har Yunin."

"Ba haka ake yi ba. An riga an gama tsari." Ya rage murya, ya tuna mata cewa duk abin da ta naɗa mallakar kamfani ne, kuma ba ta da izinin rera waƙar da ba su saki ba, ko a dandamali ko a rediyo. "Ke kika sa hannu, Yoli."

"Kai ka miƙo mini biron."

Ta tashi ta bar masa shayin bai ko huce ba.

Ba gida ta nufa ba. Ta juya kan mota ta hau tudun Laventille, ta bi lungunan da ta sani tun tana yawo ba takalmi, har filin makaɗan da muke kira 'Yan Kan Tudu. Fili ne mai rufin kwano, cike da gangunan ƙarfe, waɗanda ake yankowa daga duro, da aka rataye a kan ƙarafa masu taya, manya a baya, ƙanana masu zaƙin murya a gaba. Da yammar nan babu kowa sai Cuthbert Lezama, yayan mahaifiyarta Merle, wanda yake tsara wa ƙungiyar kiɗa tun kafin a haife ta. A hannunsa ta fara riƙe sandar kiɗa. Siriri ne, mai saurin fushi, kuma ba a taɓa jin ya yabi kowa ba. Disamba ta yi nisa bai zaɓi waƙar da za su shiga gasa da ita ba, har makaɗa sun fara gunaguni.

"Mutanen Miami," ya ce bai ɗago ba. Yana ƙwanƙwasa wata ganga da 'yar guduma, yana saita mata murya. "Yau an tuna da mu?"

"Barka da yamma, Kawu."

"Barka kadai. In hoto kika zo ɗauka, bari in sa riga."

"Na ji an ce bana ba ka da waƙa."

"Ina waƙar take? Duk an wanke su da omo har sun koɗe."

Yolande ta ajiye jaka, ta kashe wayarta, ta tsaya tsakanin ganguna. Ta fara buga cinyarta da tafin hannu don ta riƙe saurin, sannan ta buɗe baki.

*Buɗe hanya, ƙafa ta ƙi zama,*
*rana ta fito, ba mai komawa gida.*

Ta yi ta daga farko har ƙarshe, da gudunta yadda ta haife ta. Kawu Cuthbert ya ajiye gudumar. Bai ce ta yi daɗi ba, cewa ya yi, "Sake." Ta sake. Tana tsakiyar sakewar ya zaro sanduna daga aljihun baya ya fara bin ta a kan ƙaramar ganga, yana laluɓe, yana kuskurewa, yana zagin kansa a hankali, har ya kamo ta. Da ƙarfe ya ɗauki waƙar sai ta ji tsigar jikinta ta tashi.

"Ta wa ce?" ya tambaya.

"Tawa."

"Na san taki ce. Cewa nake, a hannun wa take?"

Ta gaya masa komai, da Yunin, da sassautawar, da takardar da ta sa wa hannu.

"Kuma kika kawo mini."

"Nan ba dandamali ba ne, ba rediyo ba. Kawuna na yi wa waƙa."

"Wannan wayon ko ƙofar ofishin lauya ba zai kai ki ba, kin sani."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallonta. "Uwarki sak," ya ce. "Ita ma in ta kafe, sai dai a kewaya ta. Sake amshin, a nan manyan ganguna za su shigo."

Mu ba mu koyon kiɗa da takarda. Mai tsarawa ya buga wa shugaban kowane sashe nasa, shugaba ya buga wa na kusa da shi, na kusa ya kalli hannunsa ya ɗauka, haka har mutum ɗari su zama hannu ɗaya. Waƙar ta bi ta wannan hanyar. Makaɗa kuma ba su iya bugu baki a rufe ba, sai sun san abin da ƙarfe yake faɗa, don haka kalmomin ma suka bi hannun. Kullum yamma mutanen unguwa na zuwa fili su zauna a kan akwatunan lemo, suna shan romon masara suna saurare. Daga nan ta sauka tudu. Aka fara jin ta a bakin masu wankin mota, a tashar Arima, a layin asibiti. Masu busa ƙaho a wuraren casu suka ɗauka da kunne. Gidajen rediyo suka rasa yadda za su yi, mutane na ta bugo waya suna neman waƙar da babu faifanta. Kowa ya san ta Yolande ce, amma in ka tambaya sai a ɗaga kafaɗa a ce, ai ta 'Yan Kan Tudu ce.

Terrence ya zo a tsakiyar Janairu. Ya hau tudun da ƙafa, don mai tasi ya ce motarsa ba ta hawa, ya iso yana haki, rigarsa ta manne da baya. Makaɗa ba su gama taruwa ba. Yolande na zaune a kan wani duro da ba a yanka ba, Kawu Cuthbert na gefe yana shafa wa taya mai.

"Sannu, Baba," Terrence ya ce. Hancin nan ya tafi, da muryar Chaguanas ya yi gaisuwar.

"Ɗan Sookdeo. Ka yi ƙiba."

Terrence ya zauna a ƙasa kusa da Yolande, bai damu da wandonsa ba. "Sun ce in karɓo duk kwafin da ke nan," ya ce. "Na ce musu babu kwafi, sai dai in yanko hannuwan mutum ɗari in kai musu a jaka. Ba su yi dariya ba."

"To me ka zo yi?"

"Na zo in roƙe ki. Na yi faɗa a kanki, Yoli, ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Ga abin da na samo. Ki sa Baba ya ajiye waƙar, ya ɗauki wata. Ki fito ki ce kuskure aka yi. Su kuma za su manta, albam ya fito a Yuni, da zagayen ƙasashe, da komai."

"In na ƙi fa?"

"Su kulle shi, gaba ɗaya. Ba wanda zai ji ko waƙa ɗaya a ciki. Kuma ba za ki naɗa wa kowa komai ba sai wa'adinki ya cika. Shekara uku." Ya goge gumi da bayan hannu. "Kin kusa arba'in. Akwai 'yan mata a bayanki da ba su san tsoro ba. Shekara uku a sana'ar nan kabari ce."

"Na san shekaruna, Terrence."

Kawu Cuthbert ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Ki ji ni, 'yar Merle. In za ki janye, yau ne. Yau zan iya ɗaukar wata in cusa musu kafin gasa, su zage ni su huce. Mako mai zuwa ba zan iya ba. Kuma ba zan ga laifinki ba."

Wannan ya fi barazanar Miami zafi, don ta san da gaske yake. Sai ga albam ɗin ya tsaya mata a ido. Ba ƙarya ba ne, tana son sa. Ta bar gida wata da watanni saboda shi, ta kwana a garuruwan da ba ta san kowa ba. Akwai wata waƙa a ciki, ta bakwai, wadda ta rera sau ɗaya tak aka naɗa, mai naɗin ya cire abin kunnensa ya fita waje don kada a ga idonsa. Ta san ba za ta ƙara rera wani abu haka ba. In ta ce a'a yanzu, waƙar nan za ta mutu a cikin wata na'ura a Miami, ita da 'yan uwanta. Tsoro ya kama ta sosai.

A bayan fili wata mata mai buga manyan ganguna ta iso, ta rataye jakarta, ta fara ɗumama hannu. Ba ta san me ake tattaunawa ba. Amshin kawai take bugawa, a hankali, tana maimaitawa.

"Idan na bari suka sassauta ta suka sake ta a Yuni," Yolande ta ce, "wa zai rera ta?"

"Duniya."

"Duniya za ta saurara tana wanke-wanke. Tambayarka nake, wa zai rera ta?"

Ta sauko daga kan duron.

"Ka gaya musu sun sayi muryar da suka naɗa, su riƙe abinsu. Kawu, a ci gaba."

"Yoli."

"Na gama magana."

Terrence ya tashi ya kakkaɓe wando. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya ga tsohon. "Baba, wurin shigowar manyan gangunan nan, ya yi."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Kawu Cuthbert.

Kamfani bai yi wasa ba. Kafin mako ya zagayo takardar kotu ta iso, an hana Yolande rera waƙar a kowane dandamali, an soke wasanninta na waje. Lauyarta ta ce in tana son ta tsira da rufin gidanta, kada a ƙara ganin ƙafarta a filin makaɗa har a gama Kanifal. Ta bi wannan, don taurin kai ba hauka ba ne. Ta zauna a gidanta a Belmont, lokacin da kowane mawaƙi yake tsalle daga wannan casu zuwa wancan, ita tana shara da ban ruwan fulawa. Wasu abokan sana'a suka daina ɗaga wayarta. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa ta kashe kanta da hannunta, ta karanta har ƙarshe, ta shimfiɗa jaridar ta fere doya a kai. Akwai ranakun da ta tashi da nadama, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ko sau ɗaya ba ta nemi lambar Terrence ba. Ko gasar ba ta je ba. An ce 'Yan Kan Tudu sun zo na uku, wanda bai ba kowa mamaki ba, alƙalan gasarmu da kunnen aro suke zuwa.

Ranar Litinin ɗin Kanifal, gari na fara haske ta fito da tsohon gajeren wando da rigar da take fenti da ita. Safiyar taɓo ce, ba ta masu ado da gashin tsuntsu da ƙyalli ba, su sai rana ta ɗaga. A kwanar titi ta tarar da wasu na tura baho cike da laka. Ta buɗe hannuwa, suka shafe ta tun daga gashi har idon sawu. A wannan safiyar babu minista, babu mai shara, babu tauraruwa. Kowa ƙasa ne mai ido biyu.

Ta ji su kafin ta gan su. Ƙarar ƙarfe na gangarowa daga gabas, ƙasa na amsawa. Sai ga 'Yan Kan Tudu sun ɓullo, makaɗa a cikin ƙarafansu masu taya, mutanen unguwa na turawa, bayansu kuma jama'a har inda ido ya tsaya, duk laka, duk suna jan ƙafa tare. Da gudunta suke buga ta. Kuma titi gaba ɗaya na rerawa, tsofaffi da matasa, da masu leƙowa ta taga, da ɗan sandan da aka ajiye ya tsare hanya.

Yolande ta tsaya cak. Abin da ta so ke nan, ga shi ya zo yana neman ya take ta. Daɗi ya cika ta har ya yi mata ciwo a ƙirji, baƙin cikin waƙa ta bakwai kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. Wani ya ja ta da kafaɗa, ta faɗa cikin taron. Ba kotun da za ta iya tsamo murya ɗaya a cikin wannan, don haka ta buɗe maƙogwaro ta rera iya ƙarfinta, karo na farko tun ranar da ta ce a ci gaba.

Abin da ba ta sani ba, a makonnin da ba ta zuwa fili, Kawu Cuthbert ya ƙara wani abu. Ana kaiwa tsakiyar amshi na biyu sai ganguna su ɗauke ɗif, kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, baki a rufe, a riƙe numfashi, sannan manyan ganguna su faɗo gaba ɗaya. Duk garin ya san wurin. Titi ya yi tsit, Yolande kuwa ta zarce ita kaɗai, muryarta ta tashi sama a cikin shirun, "ba mai komawa gida," sannan ƙarfe ya rufto ya haɗiye ta.

Wata dattijuwa mai ƙiba da ke gefenta, da tukunya a ka a madadin hula, ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke 'yar nan, daga jirgi kika sauko? Nan shiru ake yi."

"Yi haƙuri, Inna. Ban sani ba."

"Murya dai Allah ya ba ki, amma ba a shiga waƙar mutane da ka. In ba ki iya ba, ki saurara tukuna." Ta kama hannunta ta maƙale a hammatarta. "Riƙe ni. In na matse ki, ki rufe baki."

Yolande ta riƙe ta. Hawaye na wanke mata laka a kumatu, tana dariya, dattijuwar ba ta ko kula ba, hankalinta na kan ganguna. Suka ja ƙafa tare har waƙar ta zagayo. Ana isowa wurin ta ji an matse mata hannu, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi shiru tare da kowa.